Martani: Rashin Wutar Nan Shi Ya Sa Ilimin Ya Zama Namu, Malam

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa, malami kuma marubuci, ya fitar kwanakin baya a kan darussan da yake ganin ya kamata manyan makarantunmu na fasaha su sauke daga kansu. Cikin waɗanda ya lissafo har da ƙirar matatan sigina na analog masu cin wuta kaɗan, irin waɗanda ake sakawa a na'urorin auna bugun zuciya da aikin ƙwaƙwalwa. A ganinsa duniya ta koma dijital, duk wata tacewa manhajar kwamfuta tana yin ta. Ya ƙara da cewa ba mu da masana'antar ƙera ayisi, wato 'yan ƙwayoyin lantarkin da ke cikin na'urori, ko guda, asibitocinmu kuma gado da magani da wuta suke nema, don haka koyar da wannan fanni alatu ne, kwaikwayon Turawa ne kawai. Har ya yi nuni da unguwar Kakuri ta nan Kaduna, ya ce a dubi kangayen masaƙu a faɗa masa inda ɗalibin zai kai wannan ilimi. Malam ya girme ni a alƙalami, kuma na san kishi ne ya sa shi magana. Sai dai a wannan karon ya kama reshe ya bar tushe.

Bari mu fara daga jikin mutum, tun da can siginar take fitowa. Wutar da zuciya ke fitarwa, in ta iso saman fata, ba ta wuce kimanin milibolt ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na bolt guda. Batirin tocila mai bolt ɗaya da rabi ya ninka ta sau 1,500. Ta ƙwaƙwalwa kuwa ta fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba, tsakanin maikrobolt 10 zuwa 100. Shi ya sa na'urar auna bugun zuciya da Willem Einthoven ya ƙera a Holan a farkon shekarun 1900 ta kai nauyin kilo 270, mutum biyar ke sarrafa ta, majiyyaci kuma sai ya tsoma hannuwa da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri. Duk wannan wahala don a kama abu ɗan mitsitsi ne ba tare da an lalata shi ba. Na'urar ta ƙanƙance yau har ta shiga agogon hannu, amma zuciya ba ta ƙara ƙarfin muryarta ba, kuma ba ta koyi magana da lambobi ba. Jiki analog ne. Duk na'urar da za ta saurare shi, ƙofarta ta farko analog ce, ko an so ko an ƙi.

Ga abin da ke faruwa a wannan ƙofa. Idan aka manna 'yan maɓallan na'urar a ƙirji, haɗuwar ƙarfe da man shafawa da fata tana haifar da wani ɗan batir na kanta, wanda zai iya kai wa milibolt 300. Wato shara ta ninka kayan da ake nema sau ɗari uku. A ce ka ƙara wa siginar ƙarfi sau 100 don kwamfuta ta iya ganinta: bugun zuciya zai zama kashi ɗaya cikin goma na bolt, sharar kuma za ta nemi zama bolt 30. A na'urar da ke aiki da batir mai bolt 3, ina za a sami wurin bolt 30? Amfilifaya za ta toshe, layin ya manne a sama, kwamfutar ta karɓi lamba ɗaya tana maimaitawa. Babu manhajar da za ta ciro bugun zuciya daga nan, domin bai taɓa shiga ba. Mataci ne na analog yake tare wannan shara kafin a kai ga ƙara ƙarfi. Kuma gwargwadon yadda aka rage ƙarfin batir, daga bolt 3 zuwa 1.8 zuwa bolt ɗaya, gwargwadon yadda fili ke ƙara ƙuntata, aikin mai ƙirar yana ƙara tsanani.

Na taɓa raka wata gwaggona wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a wajen Sabon Tasha domin gwajin ECG, wato na bugun zuciya. Ana cikin shiri aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta. Takardar da ta fito layinta ya yi kauri, ya yi gashi-gashi, ƙananan tudun da likita ke nema duk sun nutse a ciki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Takardar tana tafiya milimita 25 a daƙiƙa, wutar gidajenmu kuma tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, don haka cikin kowane ƙaramin gida na takardar kai-komo biyu ne suka cushe. Yarinyar da ke aikin ta danna maɓallin tacewa, layin ya ɗan lafa amma bai wanke ba. Ta sake dannawa. Ƙarshe sai wani dattijo mai kula da na'urorinsu ya shigo, bai ce uffan ba, ya zare filogin daga bango ya bar na'urar a kan batirinta, ya ja gadon nesa da wayar da ta bi jikin bango, ya sa aka goge ƙirjin gwaggo da auduga aka sake manna maɓallan. Layi ya fito tas.

Me ya sa maɓallin tacewar ya kasa? Matacin da ke bayansa an yanka shi ne daidai kan 50, da ƙunƙuntar ƙofa, domin a ƙasar da aka ƙera shi wuta ba ta kauce wa lambarta sai da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Janaretanmu kuwa sai injinsa ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da 50. A kunna firij ko famfon ruwa, juyin ya sauka zuwa 2,940, wuta ta koma 49, ta zame ta gefen ƙofar ta wuce abinta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa hayaniyar da ke damun na'ura a Kakuri ko Narayi ba irin wadda ke damun ta a Jamus ba ce.

Amma akwai wadda ta fi wannan haɗari, domin ita ba ta zuwa da kamannin hayaniya. Wutar janareta da ta inbata mai araha, da wadda cajoji da ƙwayayen fitila na zamani suka dagula, ba 50 kaɗai take ɗauke da shi ba. Tana tafe da 'ya'yanta: 150, 250, da sauransu. To na'urorin EEG, masu auna aikin ƙwaƙwalwa, da yawa suna ɗaukar samfurin sigina sau 256 a daƙiƙa. Akwai ƙa'idar da aka sani tun aikin Harry Nyquist na 1928 da na Claude Shannon na 1949, cewa duk kai-komon da ya zarce rabin wannan adadi, in ya shiga, rikiɗa yake ya fito a matsayin wani mai jinkiri. Cire 250 daga 256, saura 6. Wato hayaniyar wutar bango za ta bayyana a allo a matsayin igiya mai kai-komo 6 a daƙiƙa, kuma wannan yana cikin zangon 4 zuwa 8 da likitan ƙwaƙwalwa ke sa wa ido, domin yawansa a jikin baligin da yake farke yana iya zama alamar matsala. Janareta ya sauka zuwa 49, ɗan nasa na biyar ya zama 245, igiyar ƙaryar ta koma 11, ta shige cikin zangon 8 zuwa 13 na lafiyayyar ƙwaƙwalwa mai hutawa. Da zarar ta zama lamba, babu abin da ya bambanta ta da ta gaskiya. Tsakuwa ce ta bi gero cikin injin niƙa. Bayan ta zama gari, rariya ba ta da abin yi. Tsincewar kafin niƙa ake yi, kuma mai tsincewar shi ne matacin analog da Malam yake son a daina koyarwa. Na'urori masu inganci ba sa faɗawa wannan rami, gaskiya ne, amma ba sa faɗawa ne saboda wani ya zauna ya ƙera musu wannan mataci. Muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a nan Barnawa, inda ake kawo masu farfaɗiya daga nesa, irin mutanen da hukuncin shan magani na shekaru yake iya rataya a kan waɗannan igiyoyi. Ban ga yadda za a ce garin da ke da irin wannan asibiti bai da buƙatar masu fahimtar abin ba.

Ba zan yi wa Malam rowar gaskiya ba. Akwai wuraren da dijital ta yi wa analog fintinkau. Bin sawun wutar janareta mai yawo tsakanin 48 da 52 a share ta, manhaja ta fi iyawa. Akwai kuma ayisi irin ADS1298 na kamfanin Texas Instruments, wanda ke ɗaukar siginar kusan ɗanyarta da ma'auni mai zurfin gaske, ya bar wa kwamfuta sauran aiki. Ga na'urar da ke kan tebur kusa da soket, wannan hanya ce mai kyau, ko da yake shi ma in ka duba zanen cikinsa amfilifaya ta analog za ka fara cin karo da ita. Tambayar ita ce: wa ke biyan kuɗin wutar?

Mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, wanda ake sayarwa a teburin masu gyaran agogo, yana ɗauke da abin da zai ba da miliam ɗaya na tsawon awa 220 ko kusa da haka. Na'urar da ke jan miliam 10 za ta shanye shi kafin kwana ɗaya ya cika. Ayisin AD8232 na Analog Devices, wanda ɗalibanmu ke saye don aikin kammala karatu, yana tace bugun zuciya da maikro'am 170 kacal. Batirin zai kai shi wajen kwana hamsin. Na'urar daidaita bugun zuciya da ake dasawa a ƙirji kuwa, batirinta ba ya wuce kimanin miliam dubu na awa guda, kuma ana so ya yi shekara goma, domin canza shi tiyata ce. Shekara goma awa 87,600 ce. Raba, za ka ga kasonta duka bai wuce maikro'am 11 da ɗoriya ba, a ciki za ta saurari zuciya, ta yanke hukunci, ta kuma zabure ta. Ba a cimma wannan da kwamfutar da ke farke dare da rana tana lissafi. Ɗan mataci ne yake gadi da wuta 'yar ƙil, sai ya ji abin da ya yi kama da bugu sannan ya tashi sashen lissafi.

Malam ya ce wuta muke nema ba wannan ba. Ai nan ne ma na fi mamakinsa, domin tarihin fannin da kansa daga ɗauke wuta ya taso. Ranar 31 ga Oktoba 1957 wuta ta ɗauke a birnin Minneapolis na Amurka. A asibitin jami'ar Minnesota akwai yaran da likita Walton Lillehei ya yi wa tiyatar zuciya, rayuwarsu tana rataye da manyan na'urorin da ke jone da bango. Bayan abin da ya gani a ranar, sai ya nemi Earl Bakken, wanda sana'arsa gyaran na'urorin asibiti ce, a garejin mota ma ya fara ta a 1949, ya ce ya samo masa mai aiki da batir. Cikin kimanin mako huɗu Bakken ya kawo 'yar akwati mai tiransista wadda ake ɗaura wa majiyyaci. Wannan gareji shi ne ya zama kamfanin Medtronic. Su ɗaukewar wuta ta 'yan sa'o'i ce ta zaburar da su haka. Mu da ɗaukewar ta zame mana abincin yau da kullum, mu ne za mu ce ilimin rage cin wuta bai shafe mu ba? Ƙaramin asibitin da ke can bayan Gonin Gora, mai faifan sola ɗaya da batir ɗaya da za a raba tsakanin fitilar ɗakin haihuwa da firij na allurar rigakafi, shi ya fi kowa a duniya sanin darajar kowane miliwat.

Kuma kada a ɗauka abin wasan yara ne da za a koya a mako biyu in buƙata ta taso. Ƙa'idar gwajin zuciya na tantance cuta ita ce a bar duk kai-komon da ke tsakanin 0.05 da 150 a daƙiƙa ya wuce. Wannan 0.05 ɗin ba ado ba ne. In aka ɗaga shi zuwa 0.5 da sauƙaƙan mataci don layi ya daina lilo, sashen da ake kira ST yana iya karkacewa, alhali a nan likita yake duba alamar toshewar jijiyar zuciya. Sai a tsorata mai lafiya, ko a sallami mara lafiya. To samar da 0.05 a kan allo da manyan kaya abu ne mai sauƙi: kafasita mai maikrofarad ɗaya da rezista mai om miliyan uku da ɗoriya. A cikin ayisi kuwa, inda kafasitar da za ka samu ba ta wuce 'yan fikofarad goma ba, rezistar da lissafi zai nema ta haura om biliyan 300. Ba a ƙera irin wannan kai tsaye. Dole a yi dabara da tiransista, a riƙe ta tana gyangyaɗi, ba a kunne sosai ba, ba a kashe ba, wuta tana ɗiga ta cikinta da nano'am. Eric Vittoz da Jean Fellrath ne suka shimfiɗa wannan hanya a 1977, daga cikin masana'antar agogo ta Suwizalan, inda ake son batir ɗaya ya yi shekaru a wuyan hannu. A 2003 Reid Harrison da Cameron Charles na jami'ar Utah suka nuna amfilifayar siginar ƙwaƙwalwa mai cin maikrowat 80, da tiransistocin da suka tsaya a madadin wannan ƙatuwar rezista.

Abin da ya kamata ya tsaya wa ɗan Kaduna a rai shi ne, tiransistar da ke cikin wannan hali tana jin zafi da sanyi ƙwarai. Ƙimarta tana iya sauyawa ninki-ninki tsakanin asubahin Janairu da azahar ɗin Afrilu a ɗaki mai rufin kwano. Hunturu kuma yana busar da fata har maɓalli ɗaya ya kama da kyau ɗaya ya ƙi, wannan rashin daidaito shi ke buɗe wa hayaniyar bango ƙofa. Bazara ta zo, gumi ya sa layi lilo. Gidaje da shaguna da yawa da aka mayar asibiti ba su da wayar ƙasa ta kirki. Wa zai auna waɗannan ya rubuta? Injiniyan da ke zaune a ɗaki mai sanyi a wata nahiya ba mugunta ce ta hana shi ba, bai san da su ba ne. An ga irin haka a na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa: binciken jami'ar Michigan na 2020 ya nuna ta kusan ninka sau uku wajen kasa gano ƙarancin iska a jikin baƙaƙen fata in aka kwatanta da farare. Can matsalar haske da launin fata ce, ba ta mataci ba, amma darasin ɗaya ne.

Saura maganar masana'anta. Gaskiya ne ba mu da inda ake toya ayisi. Amma Nvidia ma ba ta da shi, Qualcomm ba ta da shi. Zane suke yi su aika, akasari zuwa TSMC ta Taiwan da aka kafa a 1987 domin wannan aiki. Tun 2020 Google da kamfanin SkyWater suka saki bayanan fasaharsu ta nanomita 130 kyauta ga kowa, manhajojin gwaji irin ngspice da LTspice kuma ba a biyan ko kwabo. Ɗalibi a Barnawa mai tsohuwar kwamfutar cinya zai iya zana mataci, ya gwada shi a zafin digiri 15 da na 45, ya ga inda ya karkace. Kuma kafin a je ga ayisi, akasarin aikin da muke buƙata a kan allo ake yin sa, da kayan da ake samu a kasuwa.

Kakurin da Malam ya kafa hujja da ita, ni a wurina shaida ce a kansa. An buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu suka biyo baya, Peugeot ta fara harhaɗa motoci a 1975, dubban mutane suka ci abinci. Dalilan durƙushewar masaƙun suna da yawa, wuta da fasa-ƙwauri suna gaba-gaba, ba zan rage musu nauyi ba. Amma akwai abin da ba mu cika faɗa ba: mun iya tuƙa injin, mun iya ɗaura abin da aka aiko a akwati, zanen kuwa yana hannun wasu. Shawarar Malam, in aka bi ta, ita ce a maimaita haka a fannin lafiya, mu zama masu saye da danna maɓalli har abada. Ga kuma sakamakon a fili. Binciken da Lora Perry da Robert Malkin na jami'ar Duke suka wallafa a 2011, a kan na'urorin asibiti sama da dubu ɗari a ƙasashe masu tasowa, ya samu kusan kashi 40 cikin 100 ba sa aiki. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiya na wani asibiti a ƙasar nan ya ga irinsu a jibge, ƙura ta rufe. Wata kafasita ce ta bushe, wata igiyar maɓalli ce ta tsinke daga ciki, wata ƙofar shigar sigina ce tsawa ko hawan wuta ya ƙona. Mai gyaran da bai san me ya sa aka sa kafasitar nan a wurin ba zai cire ta ya sa wadda ya samu, na'ura ta kunna, kowa ya yi murna, alhali 0.05 ta koma wani abu dabam ba wanda ya sani.

Inda zan tsaya tare da Malam shi ne yadda ake koyar da darasin a wurare da dama. Allo cike da lissafi, ɗalibi ya haddace ya zubar a jarrabawa, bai taɓa ganin bugun zuciyarsa a osiloskop ba. Aikin kammalawa kuma a kwafo zane daga intanet, wani lokaci ma mai matacin 60 irin na wutar Amurka, a haɗa a kawo, a ba da maki. Wannan kam ɓata lokaci ne. Sai dai gyaransa ake yi, ba binne shi ba.

Hukumar NBTE mai tsara karatun kwalejojin fasaha hedkwatarta a nan Kaduna take, tsallaken kogi kawai. Roƙona gare ta da shugabannin sassan lantarki shi ne a bar darasin nan, a kuma ɗaure shi da asibiti. Kowane ɗalibi ya haɗa matacinsa da hannunsa, ya gwada shi a kan batir, a kan wutar Nepa, a kan janareta, a kan inbata, cikin hunturu da cikin bazara, ya rubuta abin da ya gani da lambobi. A tura su koyon aiki wurin masu kula da na'urori a asibitocin da ke kusa, irin Gwamna Awan da St. Gerard's a Kakuri. Shi kuma Malam, ina gayyatarsa da girmamawa: ya sa a yi masa gwajin ECG sau biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya na'ura tana jone da janareta, ɗaya tana kan batir, ya ajiye takardun biyu a gabansa, sannan ya sake ɗaukar alƙalami.